Fololina da Fim ɗin Minti Shida

Fololina, da muke kira Lina, yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara. Ni Luseane, ina rubuta wannan ne saboda har yau akwai matan da in na shiga bas zuwa Nuku'alofa, babban birninmu, sai hira ta mutu musu a baki, kuma na san abin da suke taunawa kafin in shigo. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda take tsaye a wurin.

A aji shida na firamare karatunta ya tsaya. Ni aka tura sakandare, ita aka zaunar da ita gaban gungumen mahaifiyarmu, aka damƙa mata mabugi. Tun tana shekara goma sha biyu take bugun ɓawon itace har ya buɗe ya yi laushi, a haɗa shi a yi ngatu, zanen da ba a aure ba a binne gawa sai da shi. Dantsenta na dama ya fi na hagu kauri, in za a ɗinka mata riga sai tela ya auna hannu biyun daban. Mijinta ya tafi tsinkar lemo a Ostireliya, ya dawo da ciwon ƙirji, ya rasu 'yarsu Lesieli tana shekara huɗu. Ba ta sake aure ba. Da wannan mabugin ta ciyar da yarinyar, ta sa ta makaranta, ta canza kwanon rufin gida bayan guguwa har sau biyu. Ba ta da surutu. Ni na kwashe rabonta na haɗa da nawa, kowa a ƙauye ya shaida.

Shekara talatin da ɗaya ita da maƙwabciyarta Tangikina suna bugu a kan gungume ɗaya, ƙarƙashin mangwaron da ke kan iyakar gidajensu. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Tangikina bahaguwa ce, bugunta yana ɗan jan ƙafa a bayan na Lina, kuma ko daga bakin teku kake in ka ji ka san su ne. Mijin Tangikina, Sekope, ba shi da aiki sai aladunsa da tabarsa. Ƙarfe huɗu na yamma zai fito da adda yana fasa kwakwa, yana kiran aladu, "Ma! Ma! Ma!", sai tari ya sarƙe shi, ya tsaya ya zagi tarin, ya ci gaba. Kowace Lahadi bayan coci faranti yana ƙetare iyakar nan, kamar yadda ake yi tsakanin maƙwabta. Lina ta aika doya da kifi, Tangikina ta aiko da ganyen gwaza da nama, kullum gishiri ya yi yawa. Shekara talatin da ɗaya muna ci muna ƙorafi.

Lesieli ta girma, shekararta ashirin da shida, tana sayar da katin waya a wani shago a gari. Da yamma take zuwa wata kwaleji koyon harkar fim. Ni dai na ce mata da koyon ɗinki ta yi da yanzu muna da riguna, amma wa ke jin maganar ƙanwar uwa? Aikinsu na ƙarshen kwas shi ne kowa ya kawo fim na minti shida, ta ce ita a kan uwarta za ta yi. Kayan aikinta kuwa: waya mai tsagaggen gilashi, tsohuwar kwamfutar ɗana wadda sai an ɗora ta a kan tukunya don kada ta yi zafi ta mutu, da sanduna uku da aka ɗaure da robar taya aka ce wai su ne ƙafar kamara. Ni aka ba farin zanen gado in riƙe don ya mayar da haske. Da digirina na aji biyar na sakandare, na koma igiyar shanya.

Malaminsu wani Bature ne daga New Zealand mai ɗaure gashi ta baya. Shi ya ce musu a ɗauki sauti daban, hoto daban, saboda iskar teku tana ɓata sautin waya. Sai ranar wata Talata da yamma Lesieli ta saka wayar cikin ƙoƙon kwakwa, ta tura ƙarƙashin gungume, ta bar su suna bugu kusan minti ashirin. Ba su ma kula ba. Aka ajiye ɗaukar hoto sai Asabar.

Ranar Juma'a Sekope ya faɗi a garken aladunsa, kafin a ɗaga shi ya cika.

In aka yi mutuwa, bugu ya zama tapu, wato haramun, a ƙauye gaba ɗaya, har sai dangin mamaci sun ɗage. Wannan ko yaron goye ya sani. Dangin Sekope suka ce kwana goma. Aka kafa tanti a farfajiyarsa, aka lulluɓe shingensa da baƙin yadi da shuɗi mai ja-ja, muka sa baƙaƙe, muka ɗaura manyan tsofaffin tabarmi na makoki tun daga ƙirji har ƙasa. Lesieli kuwa ranar kwana na biyar za ta miƙa fim. Ta je ta yi wa malamin bayani, ya ce ya yi mata ta'aziyya ƙwarai, amma ranar miƙawa ba shi ya sa ta ba.

Ranar kwana na uku kowa ya tafi makabarta gyaran kabari. Mu muka dawo da wuri don ɗora abinci. A nan Lesieli ta tare uwarta a ƙofar kicin. A wurinmu da suna yara ke kiran iyaye.

"Lina, minti biyu kawai. Ki zauna ki riƙe mabugin."

"Sekope ko sanyi bai gama yi ba."

"Ai ba bugu za ki yi ba. Ki riƙe kawai. In ban kai ba shekara guda ta tafi a banza."

"Fim ɗin bugu kuma ba bugu? Ke ma kin san ƙarya kike."

A nan na sa baki, kuma ba na ɓoyewa, shawarar tawa ce. Na ce a ɗora matashin kai a kan gungume, Lina ta riƙa ɗaga hannu tana saukewa a kansa a hankali, Lesieli ta ɗauka daga ƙugu zuwa sama, kada matashin ya fito. Ba ƙara, ba tapu da aka karya. Lina ta kalle ni ta ce, "Ke Seane, bakinki nan watarana zai kai mu gaban fasto." Amma ta zauna, don yarinyar ta fara hawaye. Abu ɗaya ta ƙi: cire tabarmar makoki. Ta ce ba za ta tuɓe wa Sekope ba saboda wata waya. Haka aka ɗauka, ina riƙe da zanen gado, ko kaza ba ta ji motsinmu ba. Babu wadda ta waiwaya ta ga cewa tantin makoki da baƙin yadin suna nan ɓaro-ɓaro a bayanta.

Fim ɗin da Lesieli ta fara kaiwa shiru ne. Hannun uwarta yana tashi yana sauka ba ƙara, sai kukan tsuntsu. Ta ce ita haka ya yi mata daidai, don haka ƙauyen yake a ranar. Washegari aka kalla a aji, malam ya ba da ra'ayinsa, ta dawo da shi a rubuce a bayan takardar katin waya. Na ɗaya, fim a kan bugu ba bugu, mai kallo zai ɗauka lasifika ce ta lalace, ta ɗora sautin da ta ɗauka. Na biyu, ta gutsure farkon, ya yi tsawo. Da ta kunna masa sautin ya saurara sai ya ƙara na uku: akwai wani mutum da ke ihu can nesa wajen ƙarshe, ta goge shi, yana ɓata aikin. Kwana biyu ya ba su gyara.

Ta yi na ɗaya, ta yi na biyu. Na ukun ya gagare ta, don kwamfutar ba ta iya raba muryar da bugun, in ta cire wannan sai wancan ya bi shi. Ta rage ƙarar iya yinta ta miƙa a haka, aka zabge mata maki saboda shi. Ta ci, amma da kyar.

Ni ban ga gyararren ba sai bayan mako shida, ranar da matar fasto ta ce a nuna shi a zauren coci bayan taron mata na Asabar, tunda 'yar ƙauye ce ta yi. Ƙarfe uku na rana, aka toshe tagogi da tabarmi, aka rataye wannan zanen gadon dai, aka aro lasifikar matasa mai huci kamar kumurci. Zaure ya cika. Tangikina ba ta zo ba, ba ta fara fita taro ba tukuna.

Da fuskar Lina ta fito aka ɗauki shewa, wata ta ce ashe tsohuwa ta iya kallon kamara. Sai bugu ya tashi, tas, tas, tas, daidai da saukar hannunta. Shewa ta mutu. Sai na ji muryar Kalolaine daga baya, mace mai bakin da ya fi nawa amma ba ta da gaskiyata.

"Ku tsaya. Wancan ba tantin Sekope ba ne?"

Sai guna-guni ya tashi kamar ruwa a kan kwano. Na miƙe na ce matashin kai ne a kan gungumen, ni na ɗauko shi daga gadona da hannuna.

"To, Luseane," in ji Kalolaine, "a ina kika sayi matashin da ke ƙara haka? Mu ma mu je mu saya."

Aka yi dariya, irin dariyar da ba daɗi a cikinta. Lesieli ta tashi tana bayanin sauti daban hoto daban, babu mai saurare. Wata ta ce dama shi ya sa suka baro makabarta da wuri, sun san ƙauye ba kowa. Na ce wa Lesieli ta nuna musu asalin hoton, farkon da ta gutsure, inda matashin ya fito kafin ta saita kamara. Ta raɗa mini cewa ta goge tun tuni, wayar ta cika. Matar fasto ta sa aka kashe, ko minti uku ba a kai ba. Lina ta tashi, ta gyara ɗaurinta, ta bi ta tsakiyarsu ta fita ba ta kalli kowa ba.

Ku gane abin da ake cewa ta yi. Ba wai ta yi ƙara a lokacin da bai kamata ba kawai. Cewa ake ta jira ƙawarta ta tafi kan kabarin mijinta, ta zauna taku ashirin da tantin makokinsa, sanye da tabarmar makokinsa, tana bugu don a ɗauke ta a fim. Mace da ba ta da komai a duniya sai sunanta da gungumen nan.

Washegari Lahadi Lina ta zuba doya da kifi, ta rufe, ta aika. Kafin mu wanke hannu farantin ya dawo, ko murfin ba a ɗaga ba. Na Tangikina kuwa bai zo ba. Lina ta ɗauki mabuginta, wanda ta gada daga mahaifiyarmu, ta ɗora a saman kabad. An ɗage tapu tun tuni, ƙauye duk ana bugu, sai ƙarƙashin mangwaro kaɗai ba motsi. Na ce ta taka ta je ta yi bayani, taku ashirin ne.

"In shekara talatin ba su gaya mata ko ni wace ce ba," in ji ta, "bakina ba zai gaya mata ba."

Lahadi ta biyu ma faranti ya dawo. Lina ta fara barin abinci, tana zama a ƙofar baya tana matsa dantsenta kamar mai ciwo. Ni kuma haƙurina dama ba shi da tsawo. Ranar Litinin da safe na hana Lesieli zuwa shago, na ɗora mata kwamfuta da tukunyarta, na tasa ta gaba muka ƙetare iyaka.

Tangikina tana zaune a tabarma cikin baƙaƙe, tana ɓare rogo. Muka durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta ce mu shigo ba, ba ta ce mu tafi ba.

"Kin zo da bakin naki, Seane?"

"Da shi na zo, Kina. Matashin kai ne. Ni na kawo shawarar, in da laifi nawa ne."

"Na ji labarin matashin. Har can tsibirin Vava'u an ji."

"To ki yarda mana!"

"Ke ƙanwarta ce. Ko kwakwa ta jefi fasto da ita cewa za ki yi iska ce." Ta juya ga Lesieli. "Ke kuma mai fim, kowa ya ga abin nan sai ni da aka yi wa. Kunna."

Lesieli ta ɗora kwamfutar a kan tukunya ta kunna. Ɗakin shiru, ba lasifika mai huci, ba yara. Tangikina ta kalli hoton har tantin ya fito, na ga muƙamuƙinta ya ɗaure. Sai ta runtse ido, ta ci gaba da ɓare rogo, kanta a karkace. Can wuƙar ta tsaya.

"Mata nawa ne a hoton nan?"

"Ɗaya," in ji Lesieli.

"To me ya sa nake jin mabugi biyu?"

Na rantse ni ban taɓa lura ba. Na kasa kunne, sai ga shi kuwa, bayan kowane bugu akwai wani yana bi, yana ɗan jan ƙafa.

"Wace ce ta biyun?" Ta buɗe ido ta zuba mini. "Ke ce, Seane? A'a, ke ko taɓarya ba ki iya riƙewa ba." Ta sake saurare, hannunta na hagu yana ɗan motsi a kan gwiwa. "Wannan ai nawa ne."

Lesieli ta buɗe baki za ta yi bayani, Tangikina ta ɗaga mata wuƙa alamar ta yi shiru. Fim ya wuce inda aka kashe a coci, ya shiga minti na biyar. Sai can ƙasa-ƙasa, daga nesa, ƙarƙashin bugun, aka ji adda ta faɗa kan kwakwa.

"Ma! Ma! Ma!"

Sai tari. Sai zagin tarin.

Rogon ya faɗi daga hannunta ya gangara har gwiwata. Babu wadda ta ɗauka. Fim ya ƙare, sunan Lesieli ya fito, muna nan zaune.

"Maimaita wajen," in ji ta.

Sau huɗu aka maimaita. A na huɗun ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ji shi, har a fim sai ya zagi tari." Ta share fuska da gefen zani. Sannan ta dawo Tangikinar da na sani.

"Ke Sieli, fim ɗinki bai yi ba. Uwarki ba haka take sauke hannu ba, wannan kamar mai korar ƙuda daga jariri. Duk macen da ta san bugu ya kamata ta gane ba itace take duka ba, har da Kalolaine, in da ta taɓa yin aiki a rayuwarta. Kuma wa ya ce ki ɗora ƙarar ranar Talata a kan ranar makoki?"

"Malam ne ya ce."

"Malamin ya taɓa binne wani a nan?"

"Har cewa ya yi in goge muryar Sekope. Na kasa ne."

Tangikina ta dube ta. "To Allah ya ƙara miki rashin iyawa." Ta miƙo tsohuwar wayarta daga ƙarƙashin matashi. "Sa mini shi a nan. Muryar nake so, ba fuskar uwarki ba, ita kullum ina ganinta."

Na fito waje. Lina tana tsaye a gindin mangwaro, wai shara take, a wurin da ba ganye ko ɗaya. Na wuce ta gefenta. Tangikina ce ta leƙo ta taga ta ɗaga murya.

"Lina! Da kin zo da kanki da ƙafarki ta karye?"

"Da kin tambaye ni da bakinki ya yage?"

Iyakar sulhun ke nan, ban ji an ƙara ko kalma ba.

Lesieli ta sake haɗa fim ɗin don kanta, ba don maki ba. Yanzu bugun yana farko, a kan hoton gungume ba kowa, da muryar Sekope ƙarara. Inda uwarta take cikin tabarmar makoki ta mayar da shi shiru kamar yadda ta fara yi. Ta tura wa malamin, ya amsa cewa wannan ya fi, shirun yana da ƙarfi. Na ce ta tambaye shi ina ƙarfin yake ranar da ya ce lasifika ce ta lalace. Ta ƙi. Shi ma ba mugu ba ne, na yarda, bai dai san abin da yake taɓawa ba, mu kuma da muka sani muka biye masa. Tangikina da kanta ta tsaya a taron mata ta faɗi abin da ta ji, amma Kalolaine har yau cewa take ita dai abin da idonta ya gani ta sani. Oho mata.

Lahadin da ta biyo, muna dawowa daga coci, sai ga faranti a bakin ƙofar Lina, an rufe da ganyen ayaba. Ta buɗe, ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Gishiri," ta ce.

Ta cinye tas, ko loma ba ta rage mini ba. Ranar Litinin da hantsi ina shanya a bayan gidana na ji su sun fara, ɗaya a gaba, ɗaya na ɗan jan ƙafa a baya. Na zauna a kan bokiti na bar wankin ya jira.